Magungunan da Rauda Ta Ɓoye a Langa

Rana ta take tsaka a garin Malanville, irin zafin bazarar nan da ke korar awaki zuwa ƙarƙashin motoci, amma Rauda tana durƙushe a bakin rijiya tana cuɗar zannuwan surukarta. Tun safe take abu ɗaya, ta wanke, ta shanya, kafin su bushe an ɓata wasu. Yatsunta duk sun tsattsage da sabulu, warin kuma yana tayar mata da zuciya, domin tana da ƙaramin ciki wanda daga mijinta sai tsohuwar ne suka san da shi. Ba wankin ne ya sa hawaye ke ɗiga cikin bahon ba, wallahi da zuciya ɗaya take yin sa. Muryar da ke fitowa daga rumfa ce, muryar Karimatu yayar mijinta, wadda ta ɗaga ta da gangan don ta iso bakin rijiya. "Ku dubi yadda tsohuwa tak koma! Tun da yarinyar ga tak karɓi jinya cikin Inna bai tsaya ba. Mi take ba ta? Ni dai ban sani ba, Allah na sani!" Matan da suka zo dubiya suka yi ta salati suna leƙen inda take. Rauda ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da cuɗa.

Rauda marainiya ce daga ƙauyen Garou. Ba ta san uwa ba, ubanta kuwa masunci ne, kogi ya tafi da shi tana rarrafe, sai gwaggonta Aminatu ta raine ta da noman 'yar fadama. Surukar tata, Hajiya Ma'u, lokacin tana da ƙarfinta tana zuwa ƙauye saro albasa, ita ta gan ta, hankalinta ya kwanta da ita, ta nuna wa autanta Khalidu, jininsu kuma ya haɗu. Tun ranar da aka kawo ta gidan, Hajiya ba ta taɓa kiranta da wani suna ba sai "ɗiyata". Wannan kalmar ce ta tsaya wa Karimatu a maƙoshi, ita da take ganin ita kaɗai ce mace a cikin 'ya'yan Hajiya. Babban yayansu, Alhaji Na-Allah mai shagon shinkafa, mutum ne mai saurin fushi da saurin yarda da maganar ƙanwarsa. Khalidu kuwa kullum yana bisa hanya, yana bin manyan motocin albasa zuwa Kwatano.

Da ciwon hanta ya kayar da Hajiya, idanunta suka yi rawaya, cikinta ya kumbura, ƙafafu suka yi suntum, Rauda ce ta riƙa kai ta asibiti. Kowa yana da kasuwa, ita ce ba ta da abin yi, in ji su! Likitan ya ba da ƙwayar hanta, da ƙwayar da ke rage ruwan ciki ta hanyar fitsari, da ta hawan jini, sai kuma wani ruwan magani mai kauri da zaƙi a kwalba. Ya zaunar da Rauda ya yi mata bayani dalla-dalla. Ya ce hantar tsohuwa ta gaji, ba ta iya tace abin da ya shiga jiki yadda take yi a da. Ruwan kwalbar nan zai sa ta yawan zagayawa, kada a ji tsoro, ta nan dattin da hanta ta kasa fitarwa zai riƙa fita, idan kuwa ya tsaya a ciki kai zai hau mata. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce, "Waɗannan na auna su, na san yadda suke zama da juna. Kada a ƙara ko ƙwaya ɗaya, ko ta ciwon kai ce, kada a ƙara saiwa, kada a ƙara jiƙo, sai an tambaye ni."

To, likita ya faɗi nasa, amma bai san gidan 'yan kasuwa ba. A dangin nan ba a zuwa dubiya hannu biyu, kuma ba lemo ake kawowa ba, magani ake kawowa, wai shi ne alamar ka damu. Kowa likita ne! Alhaji Na-Allah ya karɓo wata doguwar kwalbar jiƙo daga abokansa fatake 'yan Najeriya. Khalidu ya taho da wasu ƙwayoyi masu kai ja daga Kwatano, yana murna kamar ya tsinto lafiyar uwarsa a hanya. Maƙwabta suka kawo saiwoyi a ƙulle. Karimatu kuwa ai ita ce uwar tafiya, domin sana'arta ke nan: tana da tebur a babbar kasuwa inda take zube ƙwayoyin da ake tsallako mata da su a ɓoye, tana sayar da su da launi, ja na ciwon jiki, fari na barci, rawaya na gudawa. Ta riga ta cika kasuwa da cewa maganinta ne zai tayar da uwarta.

Rauda ta yi ƙarfin hali ta durƙusa gabanta wata rana, ta ce, "Yaya, likita ya ce kada a haɗa mata da komi, wai hantarta ba ta ɗauka." Karimatu ta dube ta sama da ƙasa, ta kwashe da dariya. "Ke da kinka tashi cikin lakar Garou, ke za ki koya mini magani? Tun ba a haihe ki ba nike saida shi. Tashi ki ba ni wuri!"

Hajiya Ma'u tana jin su daga gado. Da ɗaki ya watse ta kira Rauda, ta ɗaga matashinta, sai ga magungunan 'ya'yanta duk a jere, ko ɗaya ba ta taɓa ba. Kowa ya kawo sai ta sa masa albarka ta ce sai bayan salla za ta sha. Ta riƙe hannun Rauda da yatsunta masu rawa ta ce, "Ɗiyata, na ji abin da likita yac ce, kuma na yarda da shi, don jikina ya hwara sauƙi. Amma ɗiyana na, da ƙauna sunka kawo. In sunka san ban sha ba, ransu za shi ɓaci, babban nan ma sai shi ce na rena shi. Ki kwashe ki ɓoye. Ki yi mini alkawali tsakaninki da Allah, ba ki hwaɗa wa kowa ni nis sa ki." Rauda ta yi alkawari. Ta kwashe su ta zuba a wata langa mai murfi ta cikin kayan aurenta, ta tura ƙarƙashin gado. Kaico! Da ta san abin da ta tura ƙarƙashin gadon nan, da ta kai shi kogi ta zubar.

Kumburin ya fara saɓewa, Hajiya har tana fitowa tsakar gida ta zauna a tabarma tana tsokanar jikoki. Sai dai zagayawar nan ba ta tsaya ba, tunda ba a so ta tsaya. Ita ce Karimatu ta kafa wa ido. Yaya za a ce tana ba uwarta rawayar ƙwayarta da ke tsayar da cikin ƙato, amma shiru? Kasuwa za ta ce me? Abin da Rauda ba ta sani ba shi ne, Karimatu ta daina miƙa magani a hannu. Kullum da hantsi sai ta daka ƙwayar tsayar da gudawa, da ta barci, da ta ciwon gwiwa, ta dama su cikin fura da nono, ta zo da kanta ta zauna a bakin gado tana ba uwarta da ludayi. Wa zai hana 'ya ta ba uwarta fura?

Ba a daɗe ba cikin Hajiya ya ɗaure, Karimatu tana ta taƙama a rumfa. Amma sai tsohuwa ta fara wuni tana barci, idan an tashe ta sai ta yi ta kallon mutane kamar baƙi. Hannunta ya riƙa karkarwa, fitsari ya ragu, cikin ya sake tasowa. Ranar da Rauda ta tarar da ita ta kabbara salla ta juya wa gabas baya, tana kiran sunan wata ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa, sai gabanta ya yanke ya faɗi. Ta ruga wurin Karimatu tana kuka, "Yaya, don Allah mu kai Inna asibiti! Abin da likita yac ce na, ya hau mata kai!" Fuskar Karimatu ta canza, domin a ranta ta san abin da ta dama. Da mai tsoron Allah ce da a nan ta faɗi gaskiya. Amma ta tuna teburinta, ta tuna bakin 'yan kasuwa, ta dubi marainiyar da ba ta da mai tsaya mata, sai ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu, "Wayyo jama'a! An sammace mini uwa!"

Kafin la'asar gida ya cika. Alhaji Na-Allah ya rufe shago ya zo yana huci, ya ce a bincike ɗakin yarinyar. Karimatu da kanta ta shiga, ta watsar da tufafi, ta ɗaga katifa, ta jawo langar nan ta fito da ita tsakar gida ta kifar. Innalillahi! Ƙwayoyi suka warwatse a ƙasa, ja da fari da rawaya, ga kwalbar Alhaji ko buɗe ta ba a yi ba, ga ƙullin saiwoyin maƙwabta, kowa yana ganin nasa. Wuri ya ɓarke da salati.

"Kun gani ko?" in ji Karimatu tana tafa hannu. "Maganin da munka kawo ta ɓoye don tsohuwa ta mutu, ta bar nata tana ɗura mata!" Ta shiga ɗakin Hajiya ta ɗauko kwalbar ruwan maganin likita, ta ɗaga ta sama. "Ga gubar nan mai zarar da ciki!" Ta tuttular da shi a ƙasa, ƙudaje suka taru.

Rauda ta zube a gaban Alhaji. "Yaya Alhaji, wallahi likita na yab ba da shi, shi na kuma yah hana a haɗa. Ku tai ku tambaye shi, don girman Allah ku tambaye shi..."

"Rufe mini baki!" ya daka mata tsawa. "Likita na yac ce ki ɓoye maganin da nis sawo wa uwata ƙarƙashin gadonki? Wa yas sa ki?"

Amsar tana bakinta. Kalma ɗaya ce, Inna. Ta buɗe baki, sai ta tuna yatsun nan masu rawa da suka riƙe hannunta, ta tuna da wanda ta sa a tsakani ranar da ta yi alkawari. Ta rarrafa zuwa ƙofar ɗaki inda aka jingine tsohuwa, ta kama ƙafarta tana kuka, "Inna, ki yi magana! Inna, ni ta, Rauda, ɗiyarki... ki hwaɗa musu!" Hajiya Ma'u ta dube ta da idanun da ba su gane kowa, ta yamutsa fuska ta ce a hankali, "Wace ta wagga? Ku ɗauke... ɗaci anka ba ni... ɗaci..." Shi ke nan, an gama da Rauda. Wata tsohuwa da ta sha cin tuwon hannunta ta tofa mata yawu.

Aka kira Khalidu a waya aka miƙa mata. Ta ɗauka ko shi zai ce a dakata. Tana jin ƙarar motoci a bayansa, ya ce da wata murya da ba ta san shi da ita ba, "Har nawa, Rauda? Har wanda nis sawo mata da hannuna?" Ta ce, "Maigida, ka saurare ni..." Ya ce, "Ki tahi Garou. In na dawo mu gani." Wannan ya fi tofin yawun zafi.

Ɗan ƙullin tufafi kawai aka bar ta ta ɗauka. Aka tsayar da ɗan kabu-kabu aka ɗora ta, suka ratsa ta gefen kasuwa mata suna nuna ta da baki. Hanyar Garou kuwa duk ramuka ce, kowane rami sai ta ji shi a mararta, ta dafe ciki tana ambaton Allah. Labari ya riga ta isa, domin masu kai albasa sun kai shi. Gwaggo Aminatu ta rungume ta suka yi ta kuka, ta ce, "Ni na rene ki, na san ko kaza ba ki iya yankawa." Amma gwaggo ita kaɗai ce. Idan Rauda ta je rijiya sai mata su janye gugansu. Ranar da ta taya wata maƙwabciya girkin suna, aka ɗauke tukunyar da ta taɓa aka zubar a bayan gida tana kallo. Yara suka sa mata suna mai guba.

Gidan gwaggo ba a ci sai an nema, don haka Rauda ta shiga fadama ban ruwan albasa, tana ɗibo ruwa da ƙwarya tana watsawa a cikin ranar nan, ga ciki, ga baƙin ciki, ga rashin ci. Wata safiya tana tsakiyar aiki sai mararta ta murɗa, ta durƙushe a tsakanin kunyoyi, ta ga jini yana bin ƙafarta. "Gwaggo! Wayyo Gwaggo, ɗana!" Kafin a kai ta gida a amalanke cikin ya zube. Ta kwanta a tabarma fuskarta ga bango, hawaye suna gangarowa cikin kunnenta, ba uwa, ba uba, ba miji, ba suna, yanzu kuma ba ɗa. Gwaggo tana shafa kanta tana cewa Allah ya isa, Allah ya isa. Amma da Rauda ta sami bakin magana ba Allah ya isa ta ce ba. Ta ɗaga hannu ta ce, "Ya Allah, kai kaɗai kas san abin da ke cikin langar nan da wanda yas sa ni. Ban roƙe ka komi ba sai ka tsare Inna. An zubar da maganinta, ya Allah, ba mai ba ta... kada ka bari ta mutu da sunana bisa kanta."

Ba ta gama warwarewa ba, wata ranar da hantsi, sai ga babur ya tsaya a ƙofar gida. Khalidu ne, ya rame, idanunsa jajur. Bai iya haɗa ido da ita ba. Ya ce Inna ta yi aman jini, ta suma, tana asibiti ba ta san inda kanta yake ba. Tun da aka kori Rauda, Karimatu ta karɓi jinya, aka tsince magungunan langar nan aka yi ta ɗura wa tsohuwa, kowa yana ba da nasa. "Likita ya tambayi mi take sha, kowa ya hwaɗi nashi daban. Sai yac ce ina yarinyar da ke kawo ta, a zo da ita, a kuma kwaso duk abin da anka taɓa ba ta." Gwaggo Aminatu ta tare ƙofa ta ce ba inda za ta, su da suka kashe mata ɗa. Khalidu ya ɗago kai a firgice, ya dubi cikin matarsa, sai ya jingina da bango ya sulale ƙasa. Rauda kuwa ta riga ta yafa gyalenta. Ta ce, "Gwaggo, Inna ta ke kwance."

A asibiti ta tarar da dangi sun yi cirko-cirko. Hajiya Ma'u tana kwance an sa mata ƙarin ruwa da na jini, ba ta ko motsi. Likitan ya sa an zazzage magungunan a babban faranti, ya ga Rauda ya ce, "Yauwa, ga ta. Ke na ba amanar tsohuwar nan, kuma tana samun sauƙi a hannunki. Ina ruwan kwalbar da na ce kada a fasa ba ta?" Alhaji Na-Allah ya ce cikin in-ina, ai sun ɗauka guba ce, tunda tana zarar da ciki. Likitan ya dafe kai. "Zarar da cikin ita ce maganin! Shi ke fitar da dattin da ya hau mata kai." Ya sa yatsa cikin faranti yana warewa. Ya ɗaga rawayar ƙwaya ya ce wannan ta ɗaure cikin, ta kashe aikin ruwan kwalba. Ya ɗaga ja ya ce wannan ta ciwon gwiwa ba ta zama da ƙwayar fitsari, su biyun suka taru suka danne ƙoda, ita ce kuma ta tsokano jinin da ta amayar. Ya ɗaga 'yar farar ya ce wannan ta barci, mai lafiyar hanta ya sha ya tashi da safe, amma mai irin hantar Hajiya sai ta taru a jikinta ta kwantar da ita. Jiƙon kwalba kuwa ya ce shi kansa bai san abin da ke ciki ba, balle hanta mai ciwo. "Wanda ya ɓoye waɗannan shi ya riƙe ran uwarku. Wanda ya ba ta su shi ya kawo ta nan."

Alhaji ya cire hularsa ya rasa inda zai ajiye ta. Karimatu ta yi wuf ta ce, "To ai tun yarinyar na gidan ga Inna tar ruɗe, lokacin ba mu hwara ba ta namu ba. Wa yas sani ko ita tab ba ta?" Haka zargin ya sake rataya a wuyan Rauda. Ita kuwa ta ja kujera ta zauna kusa da gadon, ta karɓi sabuwar kwalbar da aka kawo, ta koma aikinta na wanki da goge jiki kamar ba a taɓa korarta ba.

Kwanaki suka shuɗe ana tsakanin fata da fargaba. Rannan da safe, dangi suna zazzaune, Rauda tana goge wa tsohuwa fuska, sai Hajiya Ma'u ta buɗe ido. Ta daɗe tana kallonta, sannan leɓɓanta suka motsa. "Ɗiyata..." Rauda ta fashe da kuka ta kifa kai a ƙirjinta. Tsohuwa ta lallaɓa hannu ta kai kan cikin Rauda, yadda ta saba yi a ɓoye tana yi wa jikanta addu'a. Ta shafa, ta sake shafawa, ta ɗago ido. "Ina shi?" Sai Khalidu ya durƙusa yana kuka kamar yaro, ya kwashe duk abin da ya faru ya faɗa mata, langa, da kora, da fadamar Garou.

Hawaye suka riƙa zubo wa tsohuwa ta gefen ido. Ta ce a tayar da ita zaune. Muryarta ba ƙarfi, amma ba wanda bai ji ba. "Ni nis sa ta ɓoye. Ni nis sa ta yi alkawali, don ina jin kunyar in ce muku ban sha ba. Kunyata ta kashe mini jika... Kunka tozarta ta, tar riƙe amanata." Ta juya ta nemo Karimatu da ido. "Ke kuma, hurar da kike ba ni da ludayi. Nac ce miki da ɗaci, kinka ce kimba ta. Kimba ta, Karimatu? Dube ni ki hwaɗa!" Karimatu ta zube ƙasa tana cewa ita gudawar take so ta tsayar, ba ta yi nufin kisa ba. Hajiya ta ce, "Na yarda ba ki yi nuhin kashe ni ba. Amma da kinka ga abin da yaf faru, kin sani, kinka ɗora wa marainiya."

Alhaji Na-Allah, mutumin da bai taɓa sunkuya wa na ƙasa da shi ba, ya durƙusa a gaban Rauda a tsakiyar ɗakin marasa lafiya, ya ce ta yafe masa don Allah. Washegari shi da Khalidu suka tafi Garou, suka tsaya a ƙofar masallaci bayan salla suka wanke ta a gaban kowa. Karimatu kuwa ba ta kwana biyu ba jandarma, 'yan sandan ƙasar, suka dira a teburinta, domin likita ya sanar da irin ƙwayoyin da ya gani a farantin. Aka kwashe kayan kaf, aka tafi da ita ta ratsa kasuwar da ta cika da baki, matan da suka nuna Rauda suna nuna ta. Da ta fito ba tebur, ba masu saye, ko gaisuwarta ba a son amsawa. Rauda ce ta yi ta roƙon Inna har ta yarda ta yafe wa Karimatu. Ta yafe, amma ko ruwa Karimatu ta miƙo sai tsohuwa ta kawar da kai.

Hajiya ta sa aka wanke langar nan aka ajiye ta a bakin ƙofar ɗakinta, a buɗe. Duk wanda ya zo dubiya da magani sai ta sa masa albarka, ta nuna masa langa da kanta, ba kunya ba ɓoye-ɓoye. Allah ya ara mata kwana har ta ga Rauda ta sake samun ciki, ta haifi 'ya mace, aka sa mata Asma'u, ta ɗauke ta a cinya ta yi mata tofi tana kuka tana dariya.

Hantar dai ba ta warke ba, ta riƙe ta ne iya abin da Allah ya rubuta. Ranar da jikin ya ƙi, da rana tsaka, 'ya'yanta duk suna kewaye da ita, leɓɓanta sun bushe. Alhaji ya kawo ruwa ta ƙi buɗe baki. Khalidu ya gwada, ta ƙi. Karimatu tana rakuɓe a bakin ƙofa da kofi a hannu, ta kasa matsowa. Sai tsohuwa ta motsa yatsa wajen Rauda. Rauda ta matso ta tallafi kanta, ta ɗebo ruwa a cokali, hawaye suna zuba. Hajiya Ma'u ta buɗe baki ta haɗiye, ta ce, "Allah shi yi miki albarka, ɗiyata," ta yi kalmar shahada. Ruwan da ta sha na ƙarshe a duniya daga hannun nan ya fito, hannun da aka kira mai guba.